Tambaya da Amsa: Hutu ya kusa ƙarewa, ya za mu yi da yaranmu masu lalura?

Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan komawa makaranta ne, kuma mafi yawa daga iyayen yara masu buƙata ta musamman. Na zaɓi huɗu na cire sunaye kamar yadda muka saba. Kuma kar wani ya ɗauka shi kaɗai ne, a 2021 UNICEF ta ce yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, kusan ɗaya cikin goma kenan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ɗana shekararsa bakwai, likitoci sunce yana da galahanga wato otizim, maganarsa kaɗan ce kuma baya son a canza masa komai, ko hanyar da muka saba bi aka sauya sai yayi ta ihu yana toshe kunne. Bara da ƙyar ya saba da malamarsa sai gashi yanzu ance sabon aji zai shiga da sabuwar malama, saura sati uku a koma ni wallahi ko bacci bana iyawa. Na riga na saya masa jaka da yunifom da takalmi na ɓoye sai ranar in yi masa bazata. Me kuma ya rage min?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kafin komai ki fito da kayan nan yau ɗin nan. Bazata ga wani yaron abin murna ce amma ga ɗanki tashin hankali ce, ranar farko ga sabon aji ga sabuwar fuska sannan ga takalmin da ƙafarsa bata sani ba, ai abin yayi masa yawa. Ki wanke yunifom ɗin sau biyu ko uku yayi laushi, ki yanke ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkawa a wuya ta ciki don yara irinsa da yawa suna jinsa a fata fiye da yadda ke kike zato, takalmin kuma ya dinga sawa a gida yana yawo da shi.

Sai bacci. A hutu kowa ya san lokaci yana rikicewa, kuma yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar baccin awa 9 zuwa 12. Kar ki bari sai daren komawa kice yau ƙarfe takwas za a kwanta, bazai yiwu ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki dinga jawo lokacin kwanciya da na tashi da kamar minti 15 duk bayan kwana biyu, sati ukun nan ya isa.

Amma babban aikin a makarantar yake ba a kasuwa ba. Kije wajen hedimasta tun yanzu ki roƙi a barki ki kawo shi lokacin da babu ɗalibai, ya shiga ajin ba hayaniya, ya zauna a kujerar, ya ga banɗaki ya ga inda ake shan ruwa. Ki ɗauki hoton ko'ina da wayarki, ƙofar shiga, ajin, in malamar ta yarda har fuskarta, kullum ku zauna ku kalla tare kina faɗa masa kalmomi iri ɗaya ba canji: ga ƙofa, ga ajinka, ga Malama, in an tashi Mama zata zo. Maimaicin ke zai gundure ki, shi kuwa shi ke kwantar masa da hankali.

Sannan ki rubuta takarda shafi ɗaya tal, ba fayil ɗin asibiti ba, don malamar da ke fama da cikakken aji bata da lokacin karanta rahoton likita kuma ko ta karanta bazai gaya mata me zata yi ƙarfe goma na safe in yaro ya kwanta a ƙasa ba. Ki fara da abin da yake so da abin da ya iya, kar takardar ta zama jerin matsaloli. Daga nan ki rubuta irin haka: in ya fara kaɗa hannu yana juya jiki ba fitina yake ba, kansa yake lallashi, a ƙyale shi. In ya toshe kunne ƙara ce tayi yawa, a bari ya fita baranda minti biyar. Baya cewa zai je banɗaki, wandonsa yake riƙewa. A yi masa magana gajeriya, umarni ɗaya, a jira kafin a maimaita. Ki sa lambar waya biyu a ƙasa, ki miƙa hannu da hannu ga malamar da kanta, in kika bari a ofis Allah kaɗai ya san durowar da zata kwana. Malamar bara ma ki roƙe ta ta zauna da sabuwar ko minti goma ne, shekara guda tayi tana koyon ɗanki, asara ce ilimin ya tsaya a wajenta.

Ki tambaya kuma ko za a yarda ya fara da rabin yini a satin farko, ko a ɗauke masa tsayuwar asambuli, wurin nan da ƙararrawa su suka fi firgita su. In ya dawo gida yana rigima fiye da kullum kar kice makarantar bata karɓe shi ba, sau da yawa daurewa yayi duk yinin sai da ya ganki ya sauke.

TAMBAYA: Salam Malama. 'Yata shekara goma tana da farfaɗiya, tana kan magani kuma Alhamdulillah ta jima bata faɗi ba. Bana sabuwar makaranta zata shiga, mahaifiyarta ta dage kar mu faɗa wa kowa, wai yara zasu guje ta a ƙi zama benci ɗaya da ita kuma maganar zata bi ta har ta girma. Ni hankalina bai kwanta ba amma bana son mu yi ta ja-in-ja a gida. Meye shawararki?

AMSA: Malam, tsoron maiɗakinka ba shirme bane, uwa ce kuma ta san bakin mutane. Amma ni a nan ina bayanka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ƙaddara abin ya tashi a aji malamin bai san komai ba, me zai yi? Abin da yawancin mutane ke yi: a danne ta, a tura mata cokali a baki, a kwara mata ruwa, yara a zagaye suna kallo. Cokalin nan shi ke karya haƙori, ruwan da ake ɗurawa a baki kuma yana iya wucewa huhu, kuma sirrin da ake ta ɓoyo ya tonu ta hanya mafi muni.

Faɗa ba shela bane. Malamin ajinta, shugaban makaranta, malamin wasanni da direba in motar makaranta take bi, su kenan, kuma ku faɗa musu amana ce. Abin da za ku koya musu bai da yawa: a kawar da benci da duk abin da zai ji mata ciwo, a sa mata abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya ta gefe, kar a riƙe ta, kar a sa komai a bakinta, mutum baya haɗiye harshensa. A duba agogo, in jijjigar ta wuce minti 5 ko ta sake tashi kafin ta farfaɗo ko taji ciwo, sai asibiti ba jira. Wani babba ya janye yaran daga wurin, a rufa mata mayafi don wani lokacin fitsari yana kuɓucewa, shi yasa ma yana da kyau a ajiye mata kayan canji a ofis. In ta farka zata ji gajiya da ruɗewa, a barta ta huta.

Ku jaddada musu cewa ba a ɗaukar farfaɗiya, ba ta yawu ba ba ta taɓawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari zasu iya rayuwa ba tare da tana tashi ba in sun samu maganin da ya dace. Akwai kuma wani nau'in da ba faɗuwa, yaro kawai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar baya nan, malamin da bai sani ba sai ya dake shi wai baya sauraro. In tana yin haka a faɗa.

Kafin a koma ku kai ta wajen likitanta, maganin yara da nauyin jiki ake auna shi kuma yaro yana girma, in kuma yana sa ta gyangyaɗi da safe ku gaya masa, kar ku rage da kanku. Tsallake magani da rashin bacci suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, satin farkon makaranta kuwa duka biyun suna faruwa cikin gaggawar safiya. Kar kuma a hana ta wasa, iyo da hawa wuri mai tsayi ne ke son babba a kusa. Ita ma ku zauna da ita, 'yar shekara goma ta isa a tambaye ta wa take so ya sani cikin ƙawayenta. Maiɗakin naka kuma ka tafi da ita wajen shugaban makarantar, in taji yadda aka karɓi maganar da kunnenta zata fi sakin jiki.

TAMBAYA: Anti 'yata tana sa na'urar ji, amma duk da haka sakamakonta na bara bai yi kyau ba, malamin yace bata maida hankali. Me zanyi bana?

AMSA: Ki fara tambayar ina take zama a ajin. Na'urar nan tafi aiki in mai magana yana kusa, kamar mita biyu, daga nan kuma hayaniyar aji da ƙarar fanka duk tare take ɗago su. A zaunar da ita gaba, nesa da taga da ƙofa, inda zata ga fuskar malami. Shi kuma a roƙe shi ya daina bayani yana fuskantar allo, ya rubuta aikin gida maimakon ya faɗa da baki ana tashi, kuma kar ya ce "kin gane?" don kai kawai zata ɗaga, ya ce ta maimaita abin da aka ce. Ki kai na'urar a duba kafin a koma, robar da ke shiga kunne tana yin kaɗan in yaro ya girma, in kina jin na'urar tana ƙara kamar ana fito da baki alama ce kenan. Ki sa batir na ko-ta-kwana a jakarta. Idonta ma a gwada, yaron da baya ji sosai da ido yake cike gurbin.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ɗan ƙanwata ne nake riƙo, a keken guragu yake amma kansa na ja sosai. Yanzu ya ci gaba zuwa ajin da ke saman bene, da naje sai akace min gaskiya basu da yadda zasu yi, wai mu nemi makarantar irinsu. Raina ya ɓaci na fito ban ce komai ba.

AMSA: Gara da baki ce komai ba a lokacin, yanzu sai ki koma da takarda. Wannan "makarantar irinsu" ɗin bata da gurbi a nan. Makarantu na musamman suna da amfaninsu, akwai yaran da a can ne zasu samu maganar hannu ko rubutun makafi yadda ya kamata, amma yaron da matsalarsa matakala ce kawai ba shi ke da gyara ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda ƙasashe sama da 180 suka amince da ita, sashe na 24 ya ce kar a ware yaro daga karatun gama-gari saboda naƙasa, kuma a yi masa gyaran da ya dace da buƙatarsa. Ki bincika dokar ƙasarku ma, da yawa sun yi nasu.

Sai dai kar ki shiga da faɗa, ki shiga da mafita. Ba kince su gina lifta bane, aji za a musanya, nasu ya sauko ƙasa wani ya hau sama, aikin yini ɗaya ne na ɗaukar benci. Ki rubuta wannan buƙatar a wasiƙa da kwanan wata, ki riƙe kwafi, ki nemi amsa a rubuce, mutane suna saurin cewa a'a da baki amma hannu yana nauyi wajen sa hannu a kai. In sun ce za a dinga ɗaukarsa a hau da shi kar ki yarda ya zama tsarin dindindin, akwai haɗarin faɗuwa, ga kunya ga yaron da ya fara girma, kuma ranar gobara wa zai tsaya?

In kin koma ki tafi da shi da keken ku bi hanyar tun daga bakin get. In akwai 'yar matakala a ƙofar aji, ƙa'idar gangara ita ce duk tsayin santimita 1 a bashi tsawon 12, wato matakala mai santimita 15 tana son gangara mai santimita 180, in tafi haka tsayuwa keken baya zai kifa. Ki tura keken cikin banɗaki ki gani ko ƙofar tana rufuwa, wannan wurin kowa ke mantawa, kuma yara da yawa suna daina shan ruwa duk yini don kar fitsari ya kama su, daga nan sai ciwon mafitsara da taurin bayan gida. Keken ma a duba birki da taya, a ga ko bai yi masa kaɗan ba, da yamma kuma ki dinga duba mazauninsa, jan da baya gushewa farkon gyambo ne.

In sati ya wuce ba amsa ko suka ƙi, ki kai kwafin wasiƙar ofishin ilimi da ke kula da makarantar, ki nemi ƙungiyar masu naƙasa mafi kusa da ke su raka ki, sun saba da irin wannan zaman kuma sun san ƙofar da ake bugawa. Ki rubuto min yadda kuka ƙare.