Amsa: A rufe ɗakin tiyata idan annoba ta ɓarke?

Ƙanena likita daga Tahoua, ka tambaya ko shugaban sashen tiyata ya rufe ɗakin aiki gaba ɗaya idan annoba ta ɓarke. A'a, kar ya rufe. Aikin da zai iya jira kaɗai ake ɗagewa, kamar maƙoƙo ko gwaiwar da ba ta maƙale ba. Amma mai doguwar naƙuda da sai an ciro mata ɗa, ko yaron da taifot ta huda wa hanji, ko ɗan kabu-kabun da ya faɗi a hanyar Konni, waɗannan ba za su jira annoba ta wuce ba.

Sharaɗin shi ne shugaban ya raba ma'aikata gida biyu tun da wuri, kada su haɗu ko a wurin shan shayi. Da korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, mu a Yamai mun yi nawa wajen raba su. Mai ba da maganin barci ɗaya ya kamu, aka killace duk wanda ya yi aikin dare da shi, muka wayi gari ba mai kwantar mana da majiyyaci. Kuma shugaban ya duba tukwanen oksijin da idonsa kowace safiya, kar ya dogara da takarda. Na taɓa buɗe tukunyar da aka rubuta cike take, allurar ma'aunin ko motsi ba ta yi ba.