Tambaya da Amsa: Advice ne ko advise?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗaliba ce 'yar SS3 ina shirin WAEC, satin da ya wuce mukai gwajin rubuta wasiƙa sai na rubuta "I want to advice you", malaminmu ya zagaye kalmar da jan biro ya rage min maki, wallahi abin ya min ciwo dan ni a wajena duk ɗaya ne kuma haka nake gani mutane na rubutawa a Facebook da WhatsApp. Meye bambancin? Sannan practice da practise fa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, gara ya zagaye miki yanzu da a zagaye miki a takardar jarabawa inda ba wanda zai kira ki ya miki bayani.

Kinga abin nan ai a Hausa ma muna da shi, kawai dai ba ma lura ne saboda da shi muka tashi. Akwai numfashi akwai numfasa, akwai karatu akwai karanta. Ba za ki taɓa cewa "zan karatu littafin nan" ba, ko yaron goye ya ji sai ya ji wani iri, sai dai "zan karanta". Toh abin da kika yi wa Turancin kenan. Advice mai c suna ne, shawarar kanta, advise mai s kuma aikatau ne, wato ba da shawarar. Tunda kin sa kalmar "to" kafin ta, aikatau ake jira, dan haka "I want to advise you". A baki ma ba ɗaya suke ba, advice da sautin s yake ƙarewa, advise kuma da z, ki furta su a hankali za ki ji.

Dabarar da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ce. Ki gwada sa my ko the kafin kalmar, in ta zauna daram suna ce. In kuma to ko will ne ya shiga, aikatau ce. My advice, will advise. My breath, to breathe. My belief, to believe. Kuma dan Allah kar ki ce "an advice" ko "advices", ba a ƙirga shi, kamar dai ruwa, in ɗaya kike nufi sai ki ce "a piece of advice".

Belief da believe, proof da prove su ne suka fi ba mu wahala mu Hausawa, kuma dalilin a fili yake, babu v a harshenmu, sai kunne ya ƙi rabe ta da f ko b, abin da kunne bai rabe ba kuwa hannu ma ba zai rabe ba. Shi ya sa nake cewa a dinga karatu da murya, ba a zuci kawai ba.

Maganar practice kuma nan ne rikicin yake. A Turancin Ingila, wanda shi muka gada a makarantunmu, practice suna ne, practise aikatau, haka ma licence da license. Amurkawa su kam practice suke rubutawa a duka biyun, license ma a duka biyun. Wayarki in a kan Turancin Amurka aka saita ta ba za ta ja miki layi ba in kin rubuta practice a wurin practise, wani lokacin ma ita ce za ta canza miki daidai ɗin zuwa nasu, dan haka kar ki maida ta alƙali. A jarabawa ki tsaya kan na Ingila tun daga farkon takarda har ƙarshe. In kin rikice ki tuna advice da advise, inda c take a nan can ma take, suna.

Saura ɗaya da nasan za ki ci karo da shi, loss asara ce, lose yin asarar, loose mai o biyu kuma ba ruwansa da su, abu ne mai sako-sako kamar rigar da ta miki yawa. Ki rubuta jimla biyu-biyu da kowace kalma a nan ki kai wa malamin naki ya duba miki kafin Juma'a.