Zinariyar Melbon: Wa Ya Kwashi Ribar?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa zinariya ce ta raya birnin Melbon na Ostareliya tun yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Da gaske ne? Kuma masu haƙar ne suka yi arzikin? Daga wani mai sayar da diga da shebur a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, da gaske ne, amma tsaya ka ji yadda aka yi rabon. A 1851 aka gano zinariya a Balarat da Bendigo, cikin yankin Biktoriya, wanda Melbon ne babban birninsa. Mutanen yankin a lokacin kusan 77,000 ne. Kafin 1861 sun haura 500,000. Jiragen ruwa suka yi ta sauke baƙi daga Ingila, Ailan, Jamus da Amurka. Matuƙan jirgi ma sai su bar jirgin a tasha su tsere daji da diga. Masauki ya yi wuya har aka kafa unguwar tantuna a kudancin kogin Yara da ya ratsa Melbon.

To, mai haƙa fa? Ko ya samu ko bai samu ba, sai ya biya gwamnati kuɗin lasisi, da farko sule talatin duk wata, 'yan sanda kuma suna bin rami-rami suna neman takarda. Abin da ya kai ga boren Yureka ke nan, wato tawayen masu haƙa a Balarat, ranar 3 ga Disamba 1854, aka rasa rayuka. Shekara ta zagayo aka mayar da kuɗin fam ɗaya a shekara.

Sinawa kuwa sun sha wuya. A 1855 aka ɗora wa kowanne harajin shiga na fam goma, sai suka koma sauka a Rob, can yankin Kudancin Ostareliya da ke wajen Biktoriya, don kauce wa harajin, su taka da ƙafa ɗaruruwan kilomita zuwa ramuka. 'Yan asalin ƙasar ma an mamaye musu filaye.

Ni a ganina, irinka ne suka fi cin riba: masu fulawa, masu tanti, masu amalanke, masu shebur. Kuɗinsu da harajin gwamnati ya zauna a Melbon, aka kafa jami'a a 1853, jirgin ƙasa ya fara tafiya a 1854. Da zinariyar saman ƙasa ta ja baya, kamfanoni masu injina suka karɓe haƙar, baƙin da yawa suka koma noma da sana'a, ba su koma gida ba.