Ci-rani muke yi a Turai, ko mun ƙaura ne?

Wani mai karatu ya rubuto daga Ingila: "Malam, shekarata 11 a nan, amma a gida har yau 'ɗan ci-rani' ake ce mini. Sunan ya dace da ni kuwa?"

Ɗan'uwa, a asalin ma'anarsa bai dace ba. Ci-rani da lokacinsa. Manomi ya gama girbi, ya zuba hatsi a rumbu, ya nufi Kano ko Legas wajen Disamba yana ga-ruwa, dako ko yankan farce. Riba biyu yake nema: ya samo kuɗi, ya kuma rage wa rumbu bakin mutum ɗaya. Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa, sai ya ɗaure kaya ya koma sharar gona. Komawar nan ita ce ƙashin bayan kalmar. Wanda damina 11 ta wuce bai riƙe fartanya ba, ba rani kaɗai ya ci ba. Kafofin labarai ne suka faɗaɗa ta, har masu tsallaka Bahar Rum suka zama 'yan ci-rani. Ba na kiran wannan kuskure, harshe ne ya yi tafiyarsa.

Ƙaura kuwa tashi ne da iyali da komatsai, ba niyyar dawowa. Hijira ta fi nauyi, don guje wa fitina ce saboda addini ko tsira da rai, kamar tashin Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Kada ka ara wa neman aiki ita.

Kalmar da na fi ganin ta yi daidai da ku ita ce zango. Wurin da ayarin fatake ke sauke kaya ne su kwana, a hanyar fataucin goro ta Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, shi ya sa ake cewa "yada zango". Na kwana ɗaya ne a da. Amma wasu suka yada shi ba su ɗaga ba: aka gina masallaci, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka naɗa Sarkin Zango. Haka unguwannin Zango na Kumasi da sauran garuruwan Ghana suka samu.

Wata kuma ta tambaya ko "zumunta a ƙafa take" ta haɗa da kiran waya. Hajiya, ƙafa a nan takawa ce, a je suna, a je ta'aziyya, a zauna kan tabarma. Waya ta isa ga dangin da teku ya raba ku. Ga wanda kuke gari ɗaya, bas ɗaya tsakaninku, ba ta isa ba.