Tambaya da Amsa: Ina ake samun laga ta asali, a gida ko sai an je Turai?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan Jos ne, ina aiki a sashen abinci da abin sha na wani otal. Baƙinmu Turawa sukan ce giyar da muke ba su ba laga ta gargajiya ba ce. Yanzu ga shi an zaɓe ni in je kwas na wata uku a Jamus. Mece ce laga ta gargajiya, yaya zan gane mai kyau, kuma ina zan je in ga yadda ake yin ta? Mu a gida ba mu da ita ke nan?

Amsa: Ƙanena, Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Kafin in shiga magana, na san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, kuma addini ya haramta musu giya, babu wani kwana-kwana a ciki. Ba na kiran kowa ya sha. Amsar nan taka ce da ire-irenka, waɗanda abin ya zama musu hanyar cin abinci, kuma ya kamata su san abin da suke miƙa wa mutane.

Kalmar laga daga Jamusanci ta fito, ma'anarta ajiyewa ko kwantarwa a rumbu. Sunan da kansa ya tona asirin sana'ar. Ka ɗauki mai dafa burukutu a Bukuru ko Pankshin. Za ta jiƙa dawa ta yi tsiro, ta niƙa, ta dafa, ta bari ya yi tsami, ta sake dafawa, sannan ya tashi cikin ɗumi. Da ya nuna dole a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba tsami ya ci ƙarfinsa. Laga kuwa yis ɗinta, wato abin da ke juya sukarin hatsi ya zama barasa, daban ne, sanyi yake so. Yana aiki a digiri 8 zuwa 12, a hankali, mako ɗaya ko biyu, in ya gama ya kwanta a gindin tanki. Daga nan a sauke sanyin kusan digiri 0, a bar giyar ta kwanta mako huɗu, shida, wani lokaci wata uku. Wannan kwanciyar ita ce laga. Sauran duk ado ne.

Na yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin giya a nan arewa, kuma har yau hancina bai manta ba. Cikin watan Maris, waje rana kamar za ta dafa mutum, ni kuwa ina ɗakin tankuna da rigar sanyi da takalmin roba, hucin bakina yana fita kamar hayaƙi. In na murɗa ɗan famfon gwaji a makon farko, abin da ke zuba a kofi gurɓatacce ne, yana bugo warin ruɓaɓɓen ƙwai, a bayansa da ƙamshin man shanu mai nauyi. In na dawo kan tankin nan bayan mako huɗu, sai in ɗaga kofin in hangi fitilar ɗaki ta cikinsa tar, warin ya tafi, abin da ya rage ƙamshin hatsi ne kamar na sabon burodi da ɗan ɗaci mai tsabta. Ba a ƙara masa komai ba. Yis ne ya koma ya share ƙazantar da shi kansa ya yi, domin an ba shi lokaci.

Mutanen Bavariya da ke kudancin Jamus ba da gangan suka faro wannan ba. Giyar da suke dafawa da zafi tana yawan lalacewa, shi ya sa a 1553 sarkinsu ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Sai ya zama tilas a dafa da yawa kafin sanyi ya wuce, a jera ganguna cikin kogunan da aka haƙa a jikin tudu, a sassaro ƙanƙara daga tafkuna a jibge a kansu. A saman kogunan suka dasa itatuwa masu inuwa don ƙasa kada ta ɗau zafi, daga baya aka jera benci a ƙarƙashin itatuwan ana sayar da giyar a wurin. Har gobe a yankin Franken da ke arewacin Bavariya, mutum ba ya cewa za shi cikin kogon giya, cewa yake za shi "kan" kogo, domin a samansa ake zama.

Za ka ji ana ta ambaton dokar tsabtar giya ta 1516, wadda aka kafa a garin Ingolstadt, cewa ba a saka komai a giya sai ruwa da sha'ir da furen hof, furen nan da ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Ba a ambaci yis ba a cikinta. Jamusawa na ji da dokar nan ƙwarai, kuma da gaskiyarsu, amma kada ka ɗauke ta a matsayin shaidar daɗi. Ana iya bin ta sak a kuma gaggauta giya ta fito lami. Cikin dalilan kafa ta ma har da hana masu giya cinye alkamar da masu burodi ke bukata.

Laga mai launin zinariya da duniya ta sani yau, a garin Plzeň na Jamhuriyar Cek aka fara ta. Mutanen garin suka ɗauko wani ɗan Bavariya, Josef Groll, ya dafa tukunyar farko ranar 5 ga Oktoban 1842, da ruwan garin mai laushi, da tsiron sha'ir da ba a gasa ya yi duhu ba, da furen hof na Žatec. Daga sunan garin da Jamusanci, Pilsen, aka samo kalmar Pilsner, sunan wannan nau'in laga. Abubuwa biyu suka fitar da ita daga kogo zuwa duniya: injin sanyaya na Carl von Linde, wanda aka fara kafawa a kamfanin Spaten na Munich a 1873, da kuma aikin Emil Christian Hansen na kamfanin Carlsberg a Denmak, wanda ya ware tsantsar yis ɗin laga a 1883. Ba don su ba, da babu mai dafa laga a Legas ko Kaduna.

To, mu dawo gida. Kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, kamfanin Nigerian Breweries mai yin ta ya buɗe reshen Kaduna a Kakuri a 1963, ku kuma a Jos kun san Rock tun shekarun 1970. Duk waɗannan laga ne na gaskiya ta fuskar yis da sanyi. Inda muka rabu da Jamus shi ne hatsi. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma kan dawa da masara. Ba ƙaramar wahala aka sha ba. Sitacin dawa sai an ba shi wuta fiye da na sha'ir kafin ya narke, tsironta ba shi da ƙarfin juya sitaci ya zama sukari kamar na sha'ir, ga shi ba ta da ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa. Sai da aka sauya injina, aka nemo sinadaran taimako, aka kuma jingina da irin dawa kamar SK5912, gajeren kaura da aka inganta a cibiyar binciken noma ta Samaru. Ni ina ganin wannan abin alfahari ne ga injiniyoyinmu da manomanmu. Bajamushe zai ce ba ta bi dokar 1516 ba, kuma bai yi ƙarya ba. Amma laga ta dawa da aka kwantar yadda ya kamata ta fi ta sha'ir da aka koro daga tanki ba ta nuna ba.

Saboda haka baƙinku rabin gaskiya suka faɗa. Manyan kamfanoni, a nan da Turai duka, suna gajarta kwanciya domin tanki kuɗi ne, suna dafa giyar da kauri su tsarma ta da ruwa daga baya, su tace ta tas, su ɗumama ta a kwalba don ta jure tafiya. Hakan na rage mata jiki. Sai dai abin da na gani da idona, mafi yawan lokuta ba a kamfani giyarmu ke lalacewa ba, a hanya ne.

Wata rana wani mai mashaya ya dawo mana da kiret yana faɗa, wai mun sayar masa da ruɓaɓɓen kaya. Na buɗe kwalba ɗaya, wari ya bugo ni kamar na bodari. Na ɗauko 'yar'uwarta da muka ajiye a ɗakin gwaji, dahuwa ɗaya, rana ɗaya, na buɗe, lafiya lau. Da na je shagonsa sai na tarar da kiret-kiret jere a bakin titi, rana na dukan su tun hantsi. Hasken rana yana taɓa sinadarin furen hof ya juya shi wari, kuma ba ya bukatar dogon lokaci. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi ba da kariya, koriya kaɗan take tarewa, fara kuwa kusan babu. Zafi kuma nasa aikin daban: giyar da ta daɗe a sito mai zafi tana ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Yanzu ka tuna kwalbar da aka ɗauko daga Jamus, ta yi makonni a teku, ta kwana a tashar jirgin ruwa, ta hau tirela zuwa arewa. Sau da yawa Star ko Gulder da aka cika makon jiya ta fi ta lafiya, ko da kuɗin ta Jamus ɗin ya ninka.

Don haka a otal ɗinku, tun kafin ka tafi, ka fara da duba kwanan watan da ke jikin kwalba, wadda ta riga shiga sito ita za ta riga fita. Sito ya zama mai duhu da sanyi. Kofin giya kada a wanke shi tare da kwanon miya, maiƙo ko ɗan kaɗan yana kashe kumfa. In ka ga ƙananan kumfa sun manne a jikin kofi ta ciki, kofin bai wanku ba. Kuma kada a daskarar da ita har ta yi ƙanƙara kamar yadda wasu ke so, digiri 6 zuwa 8 ya isa, sanyi in ya yi yawa harshe ba ya jin komai.

A Jamus kuwa, in da rana ɗaya kawai za ka samu, Bamberg zan tura ka, ba Munich ba. Ƙaramin gari ne amma gidajen dafa giya a cikinsa sun kai goma ko kusa, ƙauyukan kewayensa kuma da yawa kowanne da nasa, na iyali, kaka da kakanni. Ka nemi Kellerbier, wato giyar kogo, wadda ba a tace ba, ba ta da iska da yawa. A gidan Schlenkerla da na Spezial za ka ga laga mai hayaƙi, domin a kan wutar itace suke busar da tsironsu. Baƙi da yawa tana ba su mamaki, amma kai da ka tashi kusa da tukunyar burukutu a kan murhu, ƙamshin ba zai zame maka baƙo ba. Gabas da nan, a garuruwa irin su Windischeschenbach da Falkenberg, akwai al'adar Zoigl: gari na da tukunya ɗaya ta kowa da kowa, magidanci ya dafa nasa ya kai gida ya kwantar, in ta nuna ya rataya tauraro mai tsini shida a ƙofa, ya buɗe gida na 'yan kwanaki, sannan layi ya koma kan wani. Ya yi kama sosai da yadda masu burukutu ke karɓa-karɓar ranar dahuwa a ƙauyukan Filato.

A Munich, Augustiner, wanda tarihinsa ya faro daga 1328, har yanzu yana zuba giya daga gangar katako a wasu wurarensa. Nau'in Helles za ka tambaya, mai sauƙin ɗaci, wadda ba ta da inda za ta ɓoye kuskure.

In ka samu ƙarshen mako, jirgin ƙasan Munich zuwa Prague yana bi ta Plzeň. A ƙarƙashin kamfanin Pilsner Urquell akwai ramuka masu tsawon kusan kilomita 9, kuma masu ziyara ana ɗebo musu giyar da ba a tace ba kai tsaye daga gangar katako. A České Budějovice, wani garin na Jamhuriyar Cek, kamfanin Budvar yana kwantar da babbar lagarsa kwana 90. In ka ga 10° ko 12° a allon mashaya a can, ba ƙarfin barasa ba ne, kaurin ruwan tsiro ne kafin yis ya ci, kuma mai 12° barasarta kashi 5 cikin ɗari ce ko ƙasa da haka kaɗan. Ka kuma sani a Jamhuriyar Cek direba ba a yarda a same shi da ko ɗigon barasa a jini ba.

Duk inda ka shiga, ka nemi ganin mai dahuwar da kansa, ka tambaye shi a digiri nawa yis ke aiki, kwana nawa giyar ke kwanciya, an tace ta ko ba a tace ba, an ɗumama ta ko ba a ɗumama ba. Mai yi da gaske zai ba ka amsa da lamba, ƙila ma ya ja ka ɗakin tanki. Ka rubuta a littafinka, wuri da wuri.

Kada ka wahalar da kanka da ɗauko Kellerbier a akwati don nuna wa abokan aiki. Giyar da ba a tace ba, ba a ɗumama ba, 'yan makonni take yi ko a firji, ba za ta iso Jos a yadda ka san ta ba. Ka sayo ƙaramin ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya ka rataya a sitonku, ɗaya a firjin mashaya, ka riƙa duba su safe da yamma, musamman ranar da aka ɗauke wuta janareta bai tashi da wuri ba.