Ciwon ƙwauri bayan ƙara gudu: tsami ne, ko ƙashi ne ya tsage?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Jidda ne, shekaruna 31, direba nake a wani kamfani. Shekara guda ke nan ina gudu a Kornish, titin bakin teku, bayan sallar isha'i, sau uku a mako, kilomita biyar-biyar, ban taɓa jin komai ba. Da muka ƙulla niyyar shiga gasar kilomita 21 ta Riyad ni da abokaina, sai na mayar da gudun sau shida a mako, na ƙara sauri, har nakan haɗa kilomita 45. A mako na uku ƙwaurina na hagu ya fara ciwo ta gefen ciki. Da farko in jiki ya yi ɗumi sai ya lafa. Yanzu kuwa wuri ɗaya ne, in na danna da yatsa kamar in yi ihu, ko kuloci na taka sai na ji shi, da daddare kuma yana zogi. An yi mini eksire a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka ce babu komai, aka yi mini allura, ciwon ya ɗauke kwana biyu, na koma gudu ya dawo fiye da da. Abokaina sun ce tsami ne in daure, wani kuma ya ce mataccen jini ne in je a yi mini ƙaho. Wallahi hankalina a tashe yake, domin da ƙafar nan nake ciyar da mutanen gida. Saura mako shida gasar. In koma a ƙara mini allurar?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ka lafiya. Kada ka koma a ƙara maka allurar, kuma daga daren yau ka ajiye gudu. Ban taɓa ƙafarka da hannuna ba, amma yadda ka jero labarin ya fi kama da ƙashin ƙwauri da ya fara tsagewa saboda yawan duka. Abu ne da ke warkewa sarai, ya koma kamar ba a yi ba, matuƙar an daina dukansa. Ka kwantar da hankalinka ta wannan fuskar, aikinka yana nan in Allah ya yarda.

Dubi lissafinka. Daga kilomita 15 ka tashi zuwa 45, ninki uku ke nan, ka haɗa da sauri, ka kuma cinye ranakun hutu. A kowace kilomita mai gudu yana taka ƙasa kusan sau 1,000, kuma kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni sai ka ji numfashi ya wadata, ka ga ai za ka iya ƙarawa. Ƙashi ba haka yake ba. Yadda magini ke yi wa katangar ƙasa, sai ya fara kankare wurin da ya dare kafin ya yi sabon yaɓe, haka jiki ke yi. Kankarewar tana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, cikewar kuma sai ta ci wata uku zuwa huɗu. A tsakanin nan ƙashin ya fi rauni fiye da kafin ka fara. Shi ya sa ciwon ya same ka a mako na uku, daidai lokacin da kake jin ka fi kowane lokaci ƙarfi.

Ciwon da ka fara ji, mai lafawa in jiki ya yi ɗumi, shi ne ciwon gefen ƙwauri da masu gudu suka sani. Alamarsa, in ka bi gefen ƙashin na ciki da yatsa za ka ji zafin a shimfiɗe, tsawon santimita 5 ko fiye. Da a nan ka rubuto mini, da na ce ka rage gudun zuwa rabi, ka bar sauri, mu gani. Amma ka wuce wannan matakin. Zafin da ya tattaru wuri ɗaya har kan yatsa ya rufe shi, yana bin ka cikin tafiya da wurin aiki, yana zogi kana kwance, wannan ƙashi ne yake magana.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar abokanka, domin ita nake fama da ita kusan kullum, kuma ita ce ke kawo mini samari a kan sanda. Tsami gaskiya ne, kowa ya san shi. Tsoka ce ke yin sa, yana zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aikin da ba a saba ba, yawanci yana kama ƙafa biyun tare, a cinya ko sharaɓa, kuma kafin mako ya zagayo ya tafi da kansa. Wannan in ka motsa jiki ya saki, daidai ne. To ina ka taɓa jin tsamin da ya zaɓi ƙafa ɗaya, ya zauna a kan ƙashi, ya yi makonni yana ƙaruwa? Mutanenmu sun ɗauki kalma ɗaya sun lulluɓe kowane ciwo da ita, sannan suka ɗora mata jarumta. Wanda ya tsaya rago ne, wanda ya ɗingisa har ya kammala shi ne namiji. A zaurukan WhatsApp na masu gudu har tafi ake yi wa wanda ya ce ya sha ƙwaya biyu ya gama kilomita goma. Abin yana ƙona mini rai, domin na san yadda ƙarshensa yake.

Sai allurar. Ban san abin da aka zuba maka ba, kuma ina kyautata zaton kai ma ba a gaya maka ba, wanda wannan kansa laifi ne. Abin da aka saba yi shi ne diklofenak, wato dangin Voltaren, wani lokaci a haɗa da kotizon. Babu ɗayansu da ke haɗa ƙashi. Kai direba ne: in ka ji ƙara a ƙafar mota kana kan hanyar Madina, sai ka ƙure rediyo don kada ka ji ta, ka gyara motar ke nan? Kwana biyun da ka ji sauƙi ka koma Kornish, su ne kwanakin da ka fi yi wa ƙashin illa, domin ɗingishin da jikinka ke yi don ya kare wurin an cire shi, ka sauke masa nauyinka gaba ɗaya. Shi ya sa ya dawo fiye da da. Ba ƙarfin allurar ne ya gaza ba balle a ce a ƙara wata.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Magungunan nan, diklofenak da Brufen da 'yan uwansu, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Mutum ya sha su, ya fita gudu a zafi da gumin Jidda, inda riga ke jiƙewa tun kafin a yi kilomita ɗaya, ruwan jikinsa ya ragu, to ƙoda ce ke biyan kuɗin. Suna kuma cin bangon ciki, kuma ana zargin suna iya jinkirta haɗuwar ƙashi. Kotizon kuwa, yawan karɓarsa yana rage ƙarfin ƙashi, yana ɗaga sukari, in kuma aka soka shi kusa da agara yana iya sa ta tsinke. Na ga wani matashi da ya yi wata biyu yana karɓar allura duk ranar da zai fita gudu. Rannan yana saukowa daga matattakalar gida, ba gudu ba, ba tsalle ba, ƙashin ya ƙarasa karyewa. Abin da hutun mako takwas zai warkar ya koma tiyata da ƙarfe a cikin ƙafa, aikinsa kuma ya tsaya wata da watanni. Wanda ya riƙa yi masa allurar bai taɓa cewa ya naɗe wando ya ga wurin ba. Duk mai soka wa mutum allura bai duba inda ke ciwo ba, ciniki yake yi, ko da farar riga a jikinsa.

Batun ƙaho, ba na jayayya da matsayinsa a sunna, kuma ba na raina wanzamai. Amma babu wani mataccen jini a ƙwaurinka. Gaban ƙwauri fata ce kawai a kan ƙashi, babu naman kirki, wurin kuma ba ya saurin warkewa, tsaga a nan ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Haka masu murza wurin da kwalba ko su dirje shi da man zafi har ya kumbura, wai suna fasa jini. Tsagaggen ƙashi ake murzawa. Annabin da ya yi ƙaho, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa Abdullahi ɗan Amru jikinsa yana da haƙƙi a kansa, kuma a kan yawan azumi da tsayuwar dare ya faɗa masa haka. In ibada ba ta zama hujjar azabtar da jiki ba, ina ga lambar yabo ta gasar gudu? Ka ce da ƙafar nan kake ciyar da mutanen gida. To amanarsu ce a hannunka, kuma abokan da ke ce maka daure ba su ne za su aika wa mahaifiyarka kuɗi ba ranar da ka kwanta.

Eksire ɗin da aka ce babu komai, kada ka riƙe shi hujja. A makonni biyu zuwa uku na farko, sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsaga, sai ƙashin ya fara yin sabon ƙullutu sannan a gani. Ba sabon ciwo ba ne, tun 1855 wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya bayyana irinsa a ƙafafun sojoji masu dogon maci, shekaru 40 kafin a ƙirƙiro eksire, da hannu da tambaya ya gane shi. Hoton da ke nuna shi da wuri shi ne na maganaɗisu, wanda a nan ake ce wa ranin. Ka je wurin likitan ƙashi a mustashfa, wato babban asibiti, ka ce masa kalmomin nan: wuri ɗaya ne, yana ciwo a tafiya, yana ciwo da dare, na ninka gudu sau uku. Na san wahalar da ke biyo baya. Kamfanin inshora zai ce sai an jira muwafaƙa, wato amincewarsu, wani lokaci a dawo da takardar a ce ai eksire lafiya lau ne, alhali saboda eksire ɗin bai nuna ba ake neman ranin. Wannan yawo da hankali ne da ke cinye makonnin marasa lafiya. Ka roƙi likitan ya rubuta ƙarara cewa yana zargin tsagewar ƙashi, ka bi takardar da kanka. Kuma kada ka jira hoton kafin ka huta, ka ɗauka ƙashin a tsage yake har sai an tabbatar da akasin haka.

Dalilin da ya sa na matsa a kan hoton shi ne wurin da tsagar take. Ta gefen ciki daga baya, irin wadda kake kwatantawa, tana haɗewa cikin mako 6 zuwa 8. Ta tsakiyar gaban ƙwauri kuwa mai taurin kai ce, tana iya cin watanni, wani lokaci sai da tiyata. A wannan zuwan ka sa a auna maka bitamin D. Muna ƙasar rana amma gudun rana muke yi, daga gida sai mota sai ofis mai sanyi, kai ga shi ma da dare kake fita, ƙarancinsa ya yi yawa a nan. Ka kuma duba cin abincinka, domin wanda ya ninka gudu bai ƙara ci ba, ƙashinsa ne ke fara ramewa. Madara, laban (nono), ƙwai, kifi da wake su shiga kwanonka.

In tafiya tana sa ka ɗingishi, ka riƙe sanda na ɗan lokaci, babu kunya a ciki. Kulocin nan ma ka yi magana a wurin aiki a ba ka mota mai canja giya da kanta, ko likita ya rubuta maka hutu. Don zafi Panadol ya isa. Iyo da keken motsa jiki za su riƙe maka numfashinka in ba sa tayar da ciwon. Umara ma ka ɗan jinkirta ta, safa da marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne a kan marmara.

Abu ɗaya da ba ya jira: in sharaɓa ta kumbura ta yi zafi ta fi 'yar uwarta girma, musamman bayan doguwar tafiya a jirgi ko a mota, ko numfashi ya sarƙe maka, wannan gudan jini ake tsoro, ka kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya a nan Saudiyya, nan take.

Gasar bana ta wuce ka, ƙanena, ka cire ta a ranka. Ta Riyad ana maimaita ta, za ka same ta a gaba. Ranar da likita ya sake ka, kuma ka iya tafiyar minti 30 kwanaki a jere babu ciwo, ka danna wurin ba ka ji komai ba, sai ka fara da gudun minti ɗaya tafiyar minti huɗu, yau ka yi gobe ka huta. Ka ƙara nisa kaɗan-kaɗan, sauri ya zo daga ƙarshe, kada ka ƙara su biyun a mako guda. Ka gajarta takunka, ka riƙa ɗaga diddige kana tsaye don ƙarfafa sharaɓa, takalmin da ya ci kilomita 500 zuwa 800 kuma ka canja shi. In sakamakon ranin ya fito ka rubuto mini abin da aka gani da inda aka gan shi, sai mu tsara makonnin tare.