Alƙalin kotun ƙolin jiha ma yana barin tarihi

Malam, ka tambaya ko alƙalin kotun ƙolin jiha a Amurka na da wani tasiri. Sosai ma kuwa. Dubi Roger Traynor na Kalifoniya. Malamin jami'a ne mai koyar da dokar haraji, bai taɓa alƙalanci ba, gwamna ya naɗa shi a 1940. Shekara 30 ya yi a kujerar.

Abin da ya fi taɓa ni hukuncin 1948 ne. Andrea Perez da Sylvester Davis sun je neman takardar aure, aka hana su don shi Davis baƙar fata ne, ita Perez kuma ana ɗaukar ta farar fata, dokar jihar kuwa ta haramta irin wannan aure. Traynor ya rubuta hukuncin da ya rushe dokar, alƙalai huɗu suka rinjayi uku. Sai a 1967 kotun ƙolin tarayya ta bi sahu.